Daren Jajibiri a Harobanda

Talatin da tara da ɗigo shida,
in ji tsinken da na zaro daga hammata.
Gobe ƙarfe takwas jarrabawar shiga likitanci,
ga ƙasusuwan da na haddace sunayensu
yau kowanne yana amsawa a jikina.

Gwaggo Tabawa ta ajiye kunu, ta ce,
“Baɗi ma shekara ce, Zuwaira.”
Ba ta san Baba ya sayar da albasarsa tun tana gona
don kuɗin motata daga Tawa ba.

Da wata ce ta zo mini haka,
da na ce ta kwanta.

Na jera biro da katin shaida kan kujera.
Ban saita agogo ba,
ban kuma kashe fitila ba.