Tubali Mai Lamba

Tanimu ya turo hoto daga Ƙatar,
ba nasa ba, na garin abokin aikinsa Dipak,
wanda suke ɗaukar rodi tare, suna raba shayi.
Jikata Ladi ta buɗa mini shi da yatsu biyu
a gindin durumin ƙofar fada.

Wai dandalin tsoffin sarakunansu ne a Nefal:
rufi kan rufi kamar an jera faifai,
jan bulo, tagogin itace da aka sassaƙa
har ido ya gaji bai kai ƙarshen zanen ba.
Tantabaru sun fi mutane yawa.
Ɗakunan bautarsu ne, wannan tsakaninsu da Mahalicci;
ni hannun magini na gani, na kuma gaishe shi.

Ya ce ƙasa ta taɓa girgiza, wasu suka zube.
Mutanen suka durƙusa cikin ɓaraguzai
suna tsintar katako, suna rubuta masa lamba,
don kowanne ya koma inda kakanni suka sa shi.

Na ɗaga kai na dubi namu.

Soron Dagaci Barau, na gabas da Ringim,
wanda ubana ya yi wa ɗaurin guga
ina miƙa masa tubali, ina ɗan shekara tara.
Mu ƙasa ba ta girgiza mana ba.
Damina ce kawai, da "sai baɗi",
da indararon da ya karye aka rasa mai hawa.
Zanko uku sun faɗi,
na huɗu ya karkace kamar haƙorin tsoho.
Gara ta cinye azara ta bar mana fatarta.
Ganuwa kuwa a amalanke ta bar gari,
kowa ya ɗebi rabonsa ya cike ramin gidansa.
Har da ni.
Sawu biyu na yi, shekarar auren Tanimu.

Daren nan barci bai zo ba.
Da asuba na sauka kududdufi da galma,
gwiwa tana ƙara, ƙafa tana tuna kwaɓi.
Na sa a jiƙa makuba, aka ce sai an tambayo kasuwa,
an daɗe ba a nema ba.

Hantsi ya same ni da tubali goma sha ɗaya.
Soron yana son dubu.

Ladi ta zo da kokona, ta tsuguna,
ta karyi tsinke,
ta rubuta "ɗaya" a kan na farko
tun bai bushe ba.