Lamba Arba'in da Biyu

Shekara goma sha bakwai na yi a Oko-Baba
ina fasa gungume, garin katako har cikin kunne.
In na hango icce yana iyo a bakin ruwa
zan faɗa maka falanki nawa ke cikinsa,
kuma in an tsaga, a samu haka.

Yanzu kafaɗa ta ƙi zarto.
Dako nake yi wa Dokta Morenike:
mu hau kwalekwale daga Epe, mu sauka cikin taɓo,
ni da akwati ruwan ɗorawa a ka,
ita da ƙafafu uku na ƙarfe,
sauro yana bin mu bashi tun safe.

Ta kafa abin. Ta ce, Baba Tanimu, ja baya,
kar ka fito a hoton ka zama kututture.
Kansa ya juya a hankali
kamar mujiya mai duban ƙeyarta.
Leza, in ji ta. Haske ne siriri da ido ba ya kamawa,
ya fita, ya taɓa ɓawo, ya dawo da labari
sau dubu ɗari kafin ka haɗiyi yawu.
Daɗewarsa a hanya, nisan ke nan.
Na duba jikin iccen. Ko ƙwarzane babu.

Da dare a kwamfuta sai ga dajin,
ɗigo bisa ɗigo, kamar an watsa gero a baƙin zane
kuma kowace ƙwaya ta san wurin zamanta.
Ga lokon nan, wanda mutanen nan ke kira iroko,
lamba arba'in da biyu,
da reshen da aradu ta karya, da kogon kurege.
Ta juya shi da ɗan yatsa.
Mu da sai mun yi mutum takwas da sarƙa.

Da shekara ta zagayo muka koma,
ta ɗora bana a kan bara.
Na ce, nawa ya ƙaru?
Ta matse yatsu biyu: kaurin ƙwayar gyaɗa.
Damina guda cur, da ruwan Legas da ba ya jin bari,
ƙwayar gyaɗa.
Na yi lissafi a zuci, nawa ne gyaɗar
a cikin gungumen da nake gamawa kafin azahar.
Ban ci tuwon kirki ba ran nan.

A shekara ta uku mun tarar da rana a ƙasa
inda ba a saba ganinta ba.
Kututture, da jan gari a kan ganye, da sawun tayar mota.
Na durƙusa na shafa bakin yankan:
an fara ta gefen gangara, an bar ɗan harshe a tsakiya
don icce ya faɗi inda aka ce masa.
Na san hannun.
Yara huɗu na koya wa wannan,
biyu na da iyali a Ebute Meta.
Dokta ta ce, me ka gani?
Na ce, zarto ne mai kaifi.

Duk da haka ta kafa abin a wurin.
Ya juya yadda ya saba.
Hasken da ya nufi arba'in da biyu
ya wuce sama, bai dawo ba.

A kwamfutarta kuwa yana nan tsaye,
da karyayyen reshensa, ba iska, ba tsuntsu.
Nakan ce ta juya mini shi, ta juya.
Jiya ta nuna mini wasu ɗigo bakwai
a gindin kututturen, ba su kai idon sawu ba.
Ta ce ba a ba su lamba tukuna,
sai sun kai kaurin damtse.
Na tambayi shekara nawa.
Ta faɗa. Na dubi gwiwoyina,
na ce to, a rage wa akwatin nauyi.