Kujerar Bakin Taga

Litinin, takwas da kwata,
sanyin Jos bai sakar mini yatsu ba tukuna
takarda ta sauko daga wurin manaja:
a rufe asusun Davou, a buɗe wa Zuwaira.
Layi ɗaya tak. Ko gaisuwa babu.

Shekara goma sha bakwai a kujerar bakin taga.
Ni na buɗe masa imel ɗinsa na farko,
yana danna haruffa da yatsa guda
kamar kaza na tsintar tsaba.
Sau nawa ya manta kalmar sirri?
Na daina ƙirge a talatin.
"Ɗana, ta sake gudu," zai ce,
ya ajiye mini gasasshiyar masara a kan tebur.

Yanzu yana Kuru, wai dankali yake nomawa.

Na shiga saba, na rubuta Zuwaira Maikano.
Jakar albashi: ta gani, kar ta taɓa.
Jakar kwangila: ta gani, ta gyara.
Ta manaja kuwa, ko leƙe.
Izini gishiri ne, da 'yan yatsu ake barbaɗa shi.

Sai kayan Davou, fayil dubu huɗu da 'yan kai.
"Lissafi na ƙarshe."
"Lissafi na ƙarshe sosai."
"Wannan ne na gaskiya."
Can ƙasa wata 'yar jaka ta laɓe,
sunanta "Ga mai zuwa bayana."

Mabuɗin kowa yana hannuna,
amma ba kowace ƙofa ce tawa ba.
Na ja ta da linzami, na kai wa mai ita.

Da tara Zuwaira ta iso, rigar sanyi har wuya,
ta sauya kalmar sirri kafin in gama bayani,
yatsu goma suna zuba kamar ruwan Agusta a kan kwano.
Ta buɗe jakar. Ta yi shiru. Sai dariya.
Ta karanto mini:
"Firintar sama sai an mare ta a hagu.
Ɗan kwangilar Bukuru yana biya, jinkiri ne halinsa.
Yaron kwamfuta ba ya karyawa da safe,
a riƙa tunawa da shi."

Na koma mazaunina.
Sunansa na nan a jere, tsakanin Danjuma da Dorcas.
Na danna rufewa.
Na'ura ta tambaye ni: ka tabbata?

Na bar tambayar a kan allo,
na sauka sayen masara.