Mai Riƙe da Igiya

Jiya na ji muryarka a rediyo, Nafi'u,
ina jingine a zaure, gurguwar ƙafata a miƙe.
Suka ce Farfesa, suka jero wasu sunaye,
ni kuwa ɗan Gwamma na ji, na nan bayan Jahun,
yaron da ya riƙe mini igiya.

Wai kai ne likitan masu aikin ofis,
masu yini a kujera su tashi da ciwon rai.
Manyan banki na bin layi a ƙofarka
don ka gaya musu abin da ke sa ɗan aiki murmushi
alhali ya daɗe da ajiye aikin a zuciya.

Sa'ade jikata ta kawo littafinka daga Dutse,
mai koren bango, nauyinsa ya kai tubali.
Bayan isha take karanta mini tana juyawa da Hausa,
fitila na ci, sauro na cin mu,
in ta yi hamma in ce saura shafi ɗaya.

Ka ce shugaba ya san sunan ɗan mai gadinsa.
Ka ce yabo a tsakar gida, gyara a bayan ɗaki.
Ka ce ba nauyi ke karya jaki ba,
rashin sanin inda za a sauke ne.
Na ce, Sa'ade, maimaita wannan,
ba a jami'a ya tsince shi ba, a bakin rijiya.

Ka tuna wadda muka haƙa wa maƙera?
Gaba goma sha bakwai kafin mu taɓa danshi.
Ni a ƙasa, sama ta koma kamar faifai,
kai a baki, shekararka sha biyu,
kana jan guga cike da jar laka.
Na ƙasa ba shi da ido sai kunne,
ba shi da uba sai mai igiya.

Sai kalangu ya ratso ta hanyar kasuwa.
Ka waiga.
Waige ɗaya.

Wata uku ina kwance hannun maɗori.
Na ce wa ubanka igiyar ce ta ruɓe,
ya dube ni, na dubi danga,
Allah Ya yafe mini wannan ƙarya.

To, daren Talata Sa'ade ta iso babi na tara.
Ga ni a ciki, ka kira ni wani tsoho mai hikima,
wanda ya warke, ya koma bakin rami,
ya miƙa wa yaron da ya karya shi igiyar nan dai.
Ka raɗa wa abin suna mai tsawo da Turanci,
sau uku harshen Sa'ade na tuntuɓe.
Ta ce har ƙasashen waje ana koyar da shi.
Na yi dariya har da tari, na ƙara dariya.

Nafi'u, in za a sake buga littafin, gyara.
Ba hikima ba ce.
Samari duk sun tafi ci-rani,
daga kai sai makahon Ilu, wa zan ba?
Na sauka cikina na kaɗawa,
na karance duk surar da na sani, na koma farko,
ina kallon ƙafafunka a bakin rami
kamar mai kallon hadari ranar shanya.

Sai da guga ta hau ta sauko sau arba'in
ba ta taɓa bango ba,
na ji numfashinka daga can sama, kana kuka kana ja.
A nan na yarda da kai, ba kafin nan ba.
Rubuta haka, ko da zai rage maka masu saya.

Yanzu an kafa mana tuƙa-tuƙa,
yara sun manta hanyar maƙera.
Amma ruwanta na nan, ya fi na famfo sanyi.
In ka zo Sallah, bar motar a inuwar tsamiya,
ka zo mu je, ni da sandata,
ka ja mini ko da rabin ƙwarya.