Saura Awa Tara

A gidan kakana Eleuterio, kan tudun Valparaíso,
inda matakala ɗari da arba'in suka raba ƙofa da titi,
allo ya ce: saura awa goma sha ɗaya.
Hotuna dubu arba'in, da bidiyon marigayiya Rosaura,
za su yi ƙaura daga tsohuwar kwamfuta
zuwa baƙin akwatin ajiya da ke lungun kicin.
Taku goma ne tsakaninsu. Na auna da ƙafata.

Kaka ya ce, "Jirgin dakon gishiri
ya fi abin nan zuciya."
Shekara talatin ya yi yana rubuta kaya a bakin tasha,
ya san mai tafiya, ya san mai jan ƙafa.

Iska na fara zargi.
Bangon nan tubali ne aka lulluɓe da kwano,
wayifai na shiga ɗaki kamar baƙo mai jin nauyi.
Na kashe shi, na jona kebul.
Saura awa tara.
Na kashe rauta, na ƙirga talatin, na kunna:
awa tara da minti shida, an ma yi mini gyara.
Na tuhumi manhajar tsaro, na ba ta hutu.
Na tuhumi faifai, ya rantse lafiyarsa ƙalau.
Na ɗaure ƙananan fayiloli dami guda,
tunda sili ɗaya ba ya shara.
Shiru, kamar an shuka dusa.

Kaka dai ya ja kujera gaban allo.
Sunaye na wucewa ɗai-ɗai,
yana bin su da leɓe:
Rosaura a kasuwar kifi.
Rosaura da jar laima.
Rosaura ta yi fushi, Satumba.
Shayinsa ya huce, bai sani ba.

Sai da hazon teku ya haɗiye jiragen ƙasa da mu
na durƙusa, na leƙa bayan akwatin.
'Yar fitilar ruwan lemo ce, ba koriya ba.
Layin dubu ne yake tafiyar ɗari!
Na bi kebul da yatsa,
bayan kabad, ƙarƙashin darduma,
har dokin ƙofar kicin,
inda ƙyaure ya shekara yana cizonsa.
Cikin zare takwas, ɗaya ya tsinke.
Ɗaya tak.
Sauran ba su kai ƙara ba,
suka rage sauri, suka ci gaba da dako.

Na sauka matakala ɗari da arba'in,
na sayo sabo a shagon Baldomero,
na hau ina haki.
Ƙyas! Fitila ta koma koriya.
Saura minti hamsin.
Na miƙe ina kaɗe gwiwa, ina jiran yabo.

Sunaye suka zama ruwan famfo,
ba mai kama harafi.
Kaka ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya matso har hancinsa na taɓa gilas.

"Ximena," ya ce, "mayar da tsohon."
Na ce, "Kaka, ai shi ne mai ciwon."
Ya ce, "Na sani.
Ba na iya karanta ta.
Haka ta wuce ni wancan karon ma."

Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka cikin hazo.
Na tsugunna, na zare sabon,
na lallaɓa mai rauni cikin raminsa.
Ruwan lemo.
Saura awa takwas.
Na ɗora wani shayin a wuta.