Makullina Yana Gajimare

Da babbar Sallah Sadu ya zo daga Duwala,
jaka cike da kwalaye, baki cike da albishir.
Ya cire kwaɗon ƙofata, tsohon da ya girme shi,
ya liƙa wani baƙin ƙarfe marar ramin makulli.
Ya kafa ido ɗaya a saman zaure,
ya ɗaura ƙwan lantarki mai jin magana.
Fanka ma sai an roƙe ta ta waya take juyawa.

Na ce, “To, makullin fa?”
Ya ce, “Baba, yana gajimare.”
Na ɗaga kai. Sararin Garwa fayau,
ko shirwa ba ta gifta ba.
Shekara talatin ina awon auduga,
ban taɓa rubuta nauyin abin da ban ɗora a sikeli ba.
Amma ɗa ne, kuma guminsa ya kashe.
Na yi shiru.

Wata uku na yi ina sarauta.
Ƙwan ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci,
sai da na kakkaɓe Faransancina na wurin aiki
kafin ya yarda ya haska mini tabarma.
Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ran wata Lahadi Tabawa ta tafi kasuwar Pitowa.
Na dawo daga Isha’i, na taɓa waya,
ƙofa ta yi kamar ba da ita nake ba.
An ce motar haƙa ce ta tsinke wata igiya
can a hanyar Ngaundere,
inda ban taɓa shuka ko gyaɗa ba.
Wuta na nan, ƙarfe na nan, ni ma ina nan,
rijiya ta bayar, guga ya hana.
Allurar ciwon sugana tana ciki, taku bakwai daga ƙafata.
Na tsaya a ƙofar da na gina da bulo ɗai-ɗai
kamar mai bin bashi da aka ce masa maigida ba ya nan.
Sauron Binuwai ya taya ni jira.

Jibo maƙeri ne ya zo da guduma,
yana hamma, yana dariya.
Bugu huɗu. Jaka biyu.
Ya ce, “Malam, wa ya taɓa zubar da ruwan tulu
don ya ga hadari?”

Bayan damina saƙo ya shigo waya:
masu gajimaren sun sayar da shi ga wasu,
sababbin suna son haya duk wata,
in ba haka ba idon zaure ya makance,
ƙwan ya kurumce.
Haya, a gidan da ubana ya bar mini filinsa!

Tabawa ba ta damu da kuɗin ba.
Tana tsince shinkafa ta ce,
“Idon nan ya gan ni duk bazara,
kwance a zaure, ba kallabi, ina fifita.
Abin da ya gani, ina ya kai?
Su waɗannan sababbin, har da shi suka saya?”
Na kira Sadu na maimaita masa.
Na ji ƙarar motocin Duwala ta daɗe a kunnena
kafin ya ce zai bincika.

Jiya na shiga babbar kasuwa,
na sayo kwaɗo mai nauyi, na gwada shi sau uku.
Makullin yana wuyana a zaren buhu,
yana yi mini sanyi a ƙirji in na sunkuya alwala.
Idon kuwa ban cire shi ba, kada yaron ya zo ya ji kunya.
Tsohuwar hulata na kifa masa.