Falalen Brims

Na tashi daga aikin dare a gidan tsofaffi na Thurso,
hannuna na ƙamshin sabulu da shayi.
Murdo na jira cikin akwalar motarsa,
alluna biyu ɗaure a sama da igiyar shanya.
"Iska ta juyo daga kudu," in ji shi. Bai ƙara ba.

Hanyar Brims ta ratsa gonar wani,
ƙofar ƙarfe uku, tumaki na kallonmu kamar masu bin bashi.
Daga nan ba gida, ba bishiya,
sai falalen dutse kwance ƙarƙashin teku,
kada mai haƙurin jira.

Muka tsaya muna ƙirge.
Daƙiƙa goma sha huɗu tsakanin raƙumin ruwa da ɗan'uwansa.
Guguwar da ta haife su ta mutu can arewa shekaranjiya,
ga marayunta sun iso a jere,
kowanne ya taka dutsen, ya miƙe, ya naɗe kansa kamar tabarma,
iska na tsefe masa furfura ta baya.

"Bari ya ƙara cika kamu biyu," in ji Murdo,
yana shafa tabon haɓarsa.

Kakana Basarke ne a Yawuri.
Yakan ce ruwa gaishe shi ake yi, ba a ja da shi.
Ban gaji komarsa ba, ban gaji jirginsa ba,
jiran kawai na gada.

Na shiga cikin rigar roba.
Sanyi ya sare ni a goshi kamar gatari.
Na farko na bar shi ya wuce, babba ne.
Na biyu ya ɗaga ni ya maka,
na ga dutsen ido da ido, da ciyawarsa ja,
na sha gishiri har maƙoshi.

Na uku ya yarda.
Ƙafafuna suka sami allo, bangon ruwa kore a kafaɗata,
ƙara ta ɗauke,
daƙiƙa shida,
wataƙila biyar.

Kafin hantsi iska ta koma arewa,
teku ta yamutse, kasuwa ta watse.
A mota yatsuna suka kasa riƙe kofi.

Anjima da dare tsohuwa Ishbel ta ɗaki na tara,
wadda teku ta riƙe mata miji bai dawo ba,
za ta kama hannuna ta sansana.
"Ka je," za ta ce. "Yaya ka baro ta?"